Ƙafafun Sarkin Dodanni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka rufe ajinmu na yaƙi da jahilci ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya miƙo ƙafa daga cikin rumfa ya ce, "Maigida, duba mini wannan ma." Ba na tankawa. Na gaji da tankawa.

Ni manomi ne a nan Zuru, amma tun ina ƙarami hannuna ba ya zama lafiya in ya ga yumɓu. Shanu, jakuna, mata da tulu a ka, duk na gina. Sa'o'ina suka girma suka bari, ni na girma ban bari ba. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, har ni kaina, sai da maƙwabcina Sajan Markus ya yi ritaya ya dawo gida. Sajan ya yi aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, a can ya koyo wani wasa wurin sojojin Turawa. Ana shimfiɗa babban tebur, a jera 'yan mutum-mutumi masu tsawon babban yatsa, wasu mayaƙa da takubba, wasu dodanni masu ƙaho da fukafukai, sai a jefa ƙwayar ludo, a auna tafiyar kowa da tef ɗin tela. Shi da wasu tsofaffin sojoji uku suke zama a barandarsa da la'asar suna gardama a kan ko dodo zai iya hango maharbi ta bayan dutse. (Mutanen da suka ga yaƙi na gaske ke nan.)

'Yan roba goma sha biyu kawai ya zo da su, ba su isa runduna biyu ba. Wata rana ya ga saniyar da na gina a kan katangata, ya ce, "Za ka iya dodo?"

Na ce, "Sajan, ban taɓa ganin dodo ba."

Ya ce, "Ni ma haka. Yi dai."

To, na yi. Aikin ba wuya gare shi ba, cin rai ne. Da wayar birkin keke nake murɗa ƙashin, in lulluɓe da yumɓun da na tace da tsohon gidan sauro, in fitar da ido da haƙora da allura da tsinken sakace. Sai ya bushe a inuwa kwana huɗu, in binne shi cikin gwangwanin madara cike da toka, in gasa a garwashi. Daga nan fenti: fari tukuna, sannan launi. A ƙarshe nakan tsinka baƙin fenti ya zama kamar ruwan shayi in shafa, sai ya gangara cikin kowane tsagi, duk abin da allura ta zana ya fito fili. Har 'yan robarsa na gyara masa. Na yanke kan wani mayaƙi na manna masa na kura, wani kuma na cire masa takobi na ba shi fartanya. Idona ya lalace a wannan aiki, sai da na sayi tabarau a kasuwa, bayana kuwa ba a magana.

Matsalar ita ce yumɓun. Duk yankinmu wuri ɗaya ne na san ake samun wanda ke karɓar allura bai tsage a wuta ba, wato gaɓar rafin da ke ƙarshen gonar surukina. Na gwada na Wasagu, ya fashe. Na gwada wanda wani direba ya kawo mini daga Bena, ya yi gari. In ba na Baba surukina ba, ba aiki.

Baba kuwa bai taɓa son wannan harka ba. A wurinsa ni dai mijin 'yarsa ne mai wasan laka. A wannan shekarar ya aiko mini ta bakin matata Ladi cewa daga bana a daina yi masa ramuka a bakin rafi, ayaba zai dasa. Bai faɗa mini da kansa ba, don ni da shi ba ma doguwar magana. Shekara bakwai na yi masa golmo kafin a ba ni Ladi, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya a al'adarmu. A duk shekarun nan, in ya zo duba aiki, ni ina duƙe a kan garma, shi yana tsaye a gabana. In na je gaisuwa, ina tsugune, kaina a ƙasa. Bayan aure ma haka aka ci gaba. Shekara ashirin da shida ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, kuma ina alfahari da haka, don ana cewa ina da ladabi.

Ana cikin haka ajinmu ya zo ƙarshe. Mu ashirin da 'yan kai ne, muna zama a kan bencin 'yan firamare bayan sun tashi, gwiwoyinmu na dukan tebur. Malamarmu, Malama Rahila, ta ce ranar ba da takardar shaida kowa ya kawo aikin hannunsa, ya rubuta bayaninsa a kwali da kansa, ya karanta a gaban baƙi. Masu tabarma su kawo tabarma, masu daddawa su kawo daddawa.

Ladi ce ta kawo shawarar. Ta ce, "Ka yi abin da ba ka taɓa yi ba. Ni zan kawo Baba. In ya ga manya suna tafa maka, zai bar maka lakarka."

Na faɗa wa Sajan, ya yi tsalle kamar ba shi ke kukan gwiwa ba. Ya ce dama rundunar dodanni ba ta da sarki. Mu yi fili guda cikakke, da dutse da rafi da ƙauye, sarkin a sama, bayan taro a mai da shi teburinsa.

Wata biyu na yi. Na samo falankin tsohuwar ƙofa, na gina duwatsu irin namu da ƙasar suri da kwali, na rina dusar katako ta zama ciyawa, na yayyaga soso ya zama itatuwa. Rafin da fasasshen madubi na yi shi. Na jera 'yan ƙauye da tulunansu a ƙasa, mayaƙa goma suna hawa. Sarkin shi ne babba, ya kai tafin hannu. Ƙahonsa na kwaikwayo daga ragon Sajan, haƙoran daga karen maƙwabta, fukafukan daga jemagen da na tsinta a gindin mangwaro. Duk waɗannan sai da na je na duba da ido. Da na zo ƙafafu kuwa ban duba komai ba. Sajan ya ce a yi su manya don kada ya riƙa faɗuwa, ni kuma na zauna, hannuna ya kama aiki shi kaɗai. Babban yatsa ya karkace waje. Na kusa da shi a ƙafar hagu babu, sai ɗan dungu. Farce ɗaya baƙi, mai kauri. Faso mai rassa uku a diddige. Kwana uku na yi a kansu, da na shafa ruwan baƙin fenti suka fito kamar za su taka. Na ce a raina, kai, ashe ina da basira haka. (Ina rubuta wannan ina jin zafi a kunnena.)

Na kira Ladi ta gani. Ta duƙa, ta daɗe, ta miƙe ta dube ni, ta ce, "Hmm. Sannu da aiki." Ta koma wurin tukunyarta. Na ɗauka kyan abin ne ya ɗaure mata baki.

Bayanin kwalin Sajan ne ya faɗa mini labarin yadda yake a wasansu, ni na rubuta. Sau biyar ina sakewa kafin layukan su miƙe.

Ranar taro aka jera tebura a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. An zo da yawa, har da wani babban baƙo daga ƙaramar hukuma. Ni da Sajan muka ɗauko falankin a hankali kamar mai jego. Ladi ta cika alkawari. Ga Baba a bencin gaba, da rigarsa ta zuwa coci da takalminsa na taya, ya dogara da sanda. Na je na tsuguna na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

Aka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina, na yaye zanen da na rufe aikin da shi. Mutane suka taso. Babban baƙo ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Wannan a nan garin aka yi shi?" Malama Rahila ta ce a nan aka yi, ga mai shi. Na saci kallon sandar Baba, na ga ta matso kaɗan. Zuciyata ta yi sanyi. Na ɗaga kwalina na karanta, a hankali, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba:

"Wannan shi ne Sarkin Dodanni. Tsoho ne ƙwarai. Yana zaune a kan dutse yana gadin rafi. Ba ya barin kowa ya ɗebi komai a wurin. Mugu ne, mai rowa."

Aka tafa. Da a nan aka tsaya, da yau ni mutum ne.

A ajinmu akwai wata tsohuwa mai ƙosai, Iya Asabe. Taubashiyar Baba ce, tun suna yara take tsokanarsa, kuma ba mai hana ta. Idonta ba ya gani nesa, don haka komai sai ta kai hanci kansa. Ta duƙa a kan sarkin tana duba fukafukai, ta gangaro ciki, ta gangaro gwiwa. Sai ta tsaya.

Ta ce, "Malama, dakata da tafin nan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu da dungu." Ta ƙara matsawa. "Wagga ƙafa ai na san ta."

Malama Rahila ta ce, "Iya, koma ki zauna, saura mutum shida."

"Ina zuwa, 'yata." Ta juya wajen bencin gaba. "Kai, tsoho. Miƙo ta hagun nan mu gani."

Baba ya ce, "Asabe, kama kanki."

"Na kama. Miƙo dai. Ba ina wurin garma ta cire maka yatsan ba? Ni na ɗaure maka da ganye kana kuka."

Baba bai miƙo ba. Sai ya ja ƙafafunsa a hankali ya tura su ƙarƙashin benci. Wannan jan da ya yi shi ya kashe ni, don duk wanda bai duba ba a da, yanzu ya duba. Ni ma na duba. Na dubi ƙarƙashin benci, na dubi kan dutsena, na sake duban ƙarƙashin benci. Babban yatsan da ya karkace. Dungun. Baƙin farcen. Ba kama ba ce, su ne. Shekara ashirin da shida ina kallonsu, ban san na haddace su ba.

Sai wata mata a baya ta ce a hankali, "Mai gadin rafi," wata ta amsa, "Mai rowa." Kowa a unguwa ya san maganar ayaba. Dariyar ta faro daga baya kamar ruwan sama a kan kwano, ta taho har gaba. Babban baƙo ya sa hankici a baki yana tari, kafaɗunsa na rawa.

Kwalin yana hannuna, rubutun yana fuskantar jama'a, manyan baƙaƙe masu kyau da kowa a wurin ya koyi karantawa a wannan shekarar.

Sajan ya ga ina nutsewa, ya taso ya cece ni. Ya ƙame a gaban Baba ya ce, "Baba, kada ka ɗauka raini ne. A wasan nan ba wanda ya kai shi ƙarfi. Sai mutum goma sun taru a kansa kafin su iya kashe shi."

Iya Asabe ta ce, "Ga su nan kuwa suna hawa, na ƙirga."

Baba ya tashi. Ya tako har gaban tebur, ba gaggawa. Ya kama sarkin ya ɓamɓare shi, har da guntun dutsen da na manna shi a kai. Ya juya shi, ya dubi tafin ƙafar, ya jefa shi a aljihun riga, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. An ce daga baya an kira sunana na karɓi takarda, har an ɗauki hoto. Na ga hoton. Mutumin da ke ciki kamar an fito da shi daga rijiya.

A hanyar gida na ce wa Ladi, "Kin gani tun a gida?"

Ta ce, "Ƙafar ubana ce, ta yaya ba zan gani ba?"

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ɗauka da gangan ka yi. Na ce to, bari in ga inda ƙarfin halin nan zai kai ka."

"Amma kuma kika kawo shi."

"Na riga na gaya masa. In ce ya fasa, ya tambaye ni dalili, in ce me?"

Na ƙara sauri na wuce gaba. Ba ni da ƙarfin faɗa.

Mako biyu ban je ko'ina ba sai gona. Yumɓun da ya rage mini bai cika kwano ba, na rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma ina kallo. Sajan ya zo sau biyu yana tambaya ko akwai hanyar karɓo sarkin, don sun riga sun tsara yaƙin. Na ce ya je da kansa, shi da ya saba da bakin bindiga. Bai je ba.

Ran Asabar da safe na kama zakaran da ya fi girma a gidana, Ladi ta biyo ni. Muka tarar da Baba a gindin tsamiya yana gyara ƙotar fartanya. Sarkin dodanni yana zaune a kan bakin rumbu, inda duk mai shigowa zai gan shi. Na ajiye zakara, na tsuguna, na sunkuyar da kai. Kun san abin da ke gabana.

Baba ya bar ni na gama ba da haƙuri, duk da ban san me na faɗa ba. Sannan ya ce, "Shekara bakwai kana mini golmo. Kullum in ce a raina, yaron nan akwai ladabi, ba ya ɗaga kai. Ashe awo kake yi."

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Hannu ne."

"Ƙahon fa? Shi ma a jikina hannun ya gani?"

"A'a, Baba. Na ragon Sajan ne."

"Haƙoran?"

"Na kare ne."

"To, madalla. Na gode da aka tsaya a ƙafa." Ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu. "Fason nan kuma ka yi kuskure. A dama yake, ka sa shi a hagu."

Fason yana nan a hagu, taku ɗaya daga hancina, da rassansa uku. Na ce, "Haka ne, Baba. Kuskure ne."

"Har yanzu kallo kake. Ɗaga kanka, abin da ka ɗiba ya isa."

Na ɗaga. Ran nan na fara ganin fuskar surukina sosai. Ba fushi a cikinta, gajiya ce irin tawa, sai gefen baki da ke ɗan motsi. Ga wasu layuka uku a goshi, ga hanci mai ɗan doro. Sai na ji yatsuna sun fara murza iska. Na yi maza na cusa hannuwan a hammata.

Ladi ta ce, "Baba, maganar lakar fa?"

Ya ce, "Ya ɗiba. In na hana yanzu, Asabe ta samu abin faɗa har in mutu." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Amma an karanta a gaban jama'a cewa ni mai rowa ne."

"Baba, ba kai ake nufi ba."

"An tafa kuma, na ji da kunnena. To, mai rowa ba ya kyauta. Gonar bakin rafin nan, nomanta naka ne. Na fari da maimai, kowace damina."

Haka na koma golmo ina da shekara hamsin da ɗaya. Na farko mun yi shi da sa'o'ina, da kiɗa da waƙa, ana kawo mana kunu. Wannan ni kaɗai ne da ciwon baya. Baba yakan zo ya zauna a inuwa yana duba aiki, cikin takalmi sau-ciki da ya sa aka sayo masa, har da safa, a tsakiyar damina. Sarkin bai dawo ba. Na yi wa Sajan wani, na sa masa takalmin soja har gwiwa. Ya ce bai taɓa jin dodo da takalmi ba, na ce yanzu ya ji.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da hannuna ya yi cikin sauƙi ban je na duba ba, to na wani ne, kuma mai shi yana nan kusa. Yanzu kafin in kai aiki ko'ina sai na ajiye shi a gaban Ladi, kuma ba na karɓar "sannu da aiki". Nakan ce, "Faɗa mini gaskiya, wa kika gani?" Makon jiya na nuna mata wani maharbi da na kwana biyar a kansa. Ta juya shi sau ɗaya ta ce, "Kunnuwan Fasto ne."

Na ɓalle su, na sa masa hula.